Branch Rickey: Mutumin da ya koya wa ƙungiyoyi marasa kuɗi renon 'yan wasa

Duk ƙungiyar wasa da ta tsinci kanta a ƙasan teburi kuma asusunta babu nauyi, matsalarta ɗaya ce. Tana buƙatar gwanayen da za su fitar da ita kunya, amma ba ta da kuɗin gogayya da manyan ƙungiyoyi wajen sayensu.

Fiye da shekara 100 da suka wuce, wani Ba'amurke mai suna Branch Rickey ya fuskanci wannan matsala a wasan ƙwallon besbol. Mafitar da ya samo ita ce a daina bin gwanin da kowa ya sani, a nemo yaro tun ba a san shi ba, a rene shi a gida har ya nuna.

Mai kiwo a Tambuwal ko Kebbe ba zai ga baƙon abu a nan ba. Wanda ba shi da kuɗin babban rago ana gobe Sallah, ɗan tunkiya yake saye da arha tun da wuri ya turke. Abin da zai fitar da shi shi ne idon gane wanda zai yi girma, da haƙurin jira.

Rickey ya yi wannan aiki a ƙungiyoyi uku, kuma dukkansu sun ɗauki kofi da yaran da ya tara. Sai dai sau da yawa ba ya kan kujerarsa ranar da aka yi bikin.

Yadda ake wasan

Besbol wasa ne na mutum tara-tara. Mai jifa yana wurgo ƙwallo da ƙarfi, ɗan ɗaya ɓangaren kuma yana ƙoƙarin dukanta da kulki. Idan ya same ta sai ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu da ke filin. Duk wanda ya kammala zagaye ya dawo inda ya tashi, ƙungiyarsa ta samu maki ɗaya.

A Amurka akwai babbar gasa mai rukuni biyu, kuma zakarun rukunonin ne ke haɗuwa a ƙarshen kaka su yi karawar da ake kira World Series. A ƙarƙashinta akwai ƙananan gasanni na garuruwa, inda matasa ke fara gwada sa'arsu.

Ɗan manomi da bai yi fice a fili ba

An haifi Wesley Branch Rickey ranar 20 ga Disamban 1881 a kudancin jihar Ohio, a gidan manoma masu riƙo da addinin Kirista na ɗariƙar Methodist. Ya yi karatu a Jami'ar Ohio Wesleyan, inda ya buga wasa kuma ya horar da ɗalibai.

Tun yana saurayi ya ɗauki alkawarin ba zai je filin wasa ranar Lahadi ba, kuma ya riƙe shi. Wannan ne ya sa ƙungiyar Cincinnati Reds ta sallame shi a 1904 tun kafin ya buga mata wasa ko ɗaya.

Daga 1905 zuwa 1907 ya buga wa St. Louis Browns da New York Highlanders, yana tsayawa a bayan mai duka yana cafke ƙwallo. Bai yi wani fice ba. Abin da aka fi tunawa da shi ma abin kunya ne. Ranar 28 ga Yunin 1907, yana fama da ciwon kafaɗa, 'yan wasan Washington suka tsallaka daga tasha zuwa tasha har sau 13 bai iya tare su da jifa ba.

Bayan nan tarin fuka ya kwantar da shi. Da ya warke sai ya tafi Jami'ar Michigan ya karanta shari'a, ya kammala a 1911, kuma a lokaci guda yana horar da ƙungiyar jami'ar.

A can ne idonsa ya fara bayyana. Wani ɗalibi mai suna George Sisler ya zo a matsayin mai jifa, Rickey ya lura cewa dukansa ma abin kallo ne. Bayan Rickey ya koma Browns a 1913 a matsayin jami'i kuma koci, Sisler ya bi shi a 1915. A kakar 1920 Sisler ya yi duka 257 masu kai shi tasha, tarihin da ba a karya ba sai a 2004.

Ƙungiyar da ta talauce

A 1917 Rickey ya koma ɗaya ƙungiyar birnin, wato St. Louis Cardinals. Ya yi ɗan lokaci a rundunar sojin Amurka a Faransa a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan ya dawo ya karɓi aikin koci a 1919.

Abin da ya tarar ba daɗi. Tun shigarta rukunin National a 1892 ƙungiyar ba ta taɓa zama zakara ba, ga bashi ya yi mata katutu. A 1919 ko kuɗin tafiya kudu atisayen share fage ba ta da shi, a gida ta yi.

A wancan zamani ƙananan ƙungiyoyi masu zaman kansu ne. Su ke gano matasa, su sayar wa wanda ya fi tayi. Rickey ya lura da wani abu mai ciwo. Da zarar ya nuna sha'awar wani yaro, mai ƙungiyar sai ya sanar da masu kuɗi irin su New York Giants, farashi ya tashi, yaron ya tafi can. Wato idonsa ne ke yi wa abokan hamayyarsa aiki kyauta.

Ya yanke shawarar cewa tunda ba zai iya sayen amfanin gona ba, gara ya mallaki gonar.

Dama ta samu a 1920, lokacin da Sam Breadon, wani dillalin motoci, ya karɓi ragamar ƙungiyar. Suka sayar da tsohon filin wasansu, suka koma haya a filin Browns. Da kuɗin suka biya bashi, suka fara sayen hannun jari a ƙananan ƙungiyoyi, irin su na Fort Smith da Houston da Syracuse.

Tsarin kamar na mai noman albasa ne a fadama. Ana yayyafa iri da yawa a ƙaramin fili, a bar shi ya yi ƙwari, sannan a cire a dasa. Yaro zai fara daga ƙungiyar mataki na ƙasa, idan ya nuna alama a ɗaga shi zuwa na gaba, har ya kai babbar ƙungiya. A kowane mataki salo ɗaya ake koya masa. Amurkawa da kansu sunan gona suka ba wa tsarin. Zuwa 1940 Cardinals na da hannu a ƙananan ƙungiyoyi kusan 30, da ɗaruruwan 'yan wasa.

Abin da yake dubawa a jikin yaro

Rickey ya raba baiwar ɗan wasa gida biyu: wadda ake koyarwa da wadda ake zuwa da ita. Gudu, ƙarfin hannu wajen jifa da ƙarfin duka, a ganinsa ba koci ke bayar da su ba. Sauran dabaru kuwa ana iya koya wa yaro idan yana da kai. Don haka yaron da ya iya komai amma ba shi da gudu bai cika burge shi ba kamar ɗanyen yaro mai ƙafa wanda bai san ƙa'ida ba.

Ya fi ba gudu muhimmanci saboda shi kaɗai ne ke amfani ko ƙungiya na kai hari ko tana tsaro.

Hanyarsa ta biyu ita ce yawa. Cardinals kan shirya gwaji a garuruwa, matasa su zo da ɗaruruwansu. A sa su tsere, a sa su jifa, a tace. Shi da babban mai farauto masa 'yan wasa, Charley Barrett, sun yi imanin cewa a cikin yawa ake samun nagari, domin babu idon da zai iya tabbatar da makomar ɗan shekara 17.

Ya kuma damu da hali. Yakan zauna da yaro ya tambaye shi gidansu, ko yana da aure, ko yana shan giya, da yadda yake ji idan an ci shi.

Ya kawo kayan koyarwa da suka zama ruwan dare daga baya, kamar ramin yashi na koyon zamewa zuwa tasha, da zaren da ake ɗaurawa don mai jifa ya ga iyakar inda ya kamata ƙwallonsa ta bi.

Labarin Stan Musial ya nuna amfanin tsarin. An ɗauke shi yana matashi a matsayin mai jifa. A 1940 ya faɗi a kan kafaɗarsa ta hagu, jifan ya lalace. Da ƙungiya mai zaman kanta yake, da wataƙila an sallame shi. Amma masu horarwa na Cardinals sun riga sun ga dukansa, sai aka sauya masa gurbi. Cikin kakar 1941 kaɗai ya tashi daga ƙaramar gasa zuwa babbar ƙungiya, ya kuma yi ritaya da duka 3,630.

Idon Rickey ma yakan kuskure. A farkon shekarun 1940 wasu yara biyu 'yan unguwa ɗaya a St. Louis suka zo gwaji. Cardinals ta ba Joe Garagiola dala 500 ta ɗauke shi, ta ƙi ba abokinsa Yogi Berra irin wannan kuɗi. Berra ya tafi New York Yankees, inda ya ɗauki kofin World Series sau 10.

Kofi ya zo, amma a hannun wani

A watan Mayun 1925 Breadon ya sauke Rickey daga aikin koci, ya naɗa tauraron ƙungiyar Rogers Hornsby. Ana ganin Rickey ya cika dogon bayani da zane a allo, 'yan wasa ba sa fahimtarsa. Abin ya yi masa zafi, amma ya zauna a ofis ya ci gaba da kula da gonarsa.

Shekara ɗaya bayan nan, a 1926, Cardinals ta doke Yankees ta su Babe Ruth ta ɗauki World Series karon farko. Ta sake ɗauka a 1931 da 1934 da 1942. 'Yan wasa irin su Jim Bottomley, Chick Hafey, Pepper Martin, Dizzy Dean, Joe Medwick da Enos Slaughter duk renon gida ne.

Tunda gonar na fitar da fiye da abin da ƙungiya ke buƙata, Rickey ya zama babban mai sayarwa. Ƙa'idarsa ita ce gara a rabu da ɗan wasa tun yana da sauran daraja da a jira har ya fara sauka. Magoya baya kan yi fushi idan ya sayar da wanda suke so, sai kuma wani yaro ya fito ya cike gurbin.

Ɓangaren da ba a cika yabo ba

Tsarin ya yi wa ƙungiya daɗi, amma yaran sun ɗanɗana kuɗarsu. Albashin ƙananan gasanni bai taka kara ya karya ba, kuma dokar lokacin ta ɗaure ɗan wasa ga ƙungiyar da ta fara ɗaukarsa. Yaron da ya isa buga babbar gasa a wani wuri yana iya shafe shekaru a ƙasa saboda gurbinsa a St. Louis a cike yake. Rickey kuma yana da kaso a ribar ƙungiya, har da ta cinikin 'yan wasa. Masu suka na ganin abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shugaban hukumar wasan, Alƙali Kenesaw Mountain Landis, ya tsani tsarin. A 1938 ya gano cewa Cardinals na juya ƙungiya fiye da ɗaya a gasa guda a ɓoye, ya 'yanta matasa fiye da 70 daga hannunta.

Masu kare Rickey kuwa na cewa kuɗin manyan ƙungiyoyi ne ya hana ƙananan gasanni mutuwa a lokacin karayar tattalin arzikin shekarun 1930. Ko ma dai mene ne, sauran ƙungiyoyi sun kwaikwaye shi. Yankees ta fara gina tata gonar a 1932, kuma da yake tana da kuɗi, ta yi amfani da dabarar talaka ta ƙara nisa.

Zaɓen Jackie Robinson

A ƙarshen 1942 dangantaka ta yi tsami tsakaninsa da Breadon, sai ya koma Brooklyn Dodgers a birnin New York a matsayin shugaba. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, yawancin ƙungiyoyi sun rage ɗaukar matasa saboda soja za ta kwashe su. Rickey ya yi akasin haka, ya tara yara da yawa da lissafin cewa yaƙi zai ƙare su dawo.

Akwai kuma wata rijiya da babu wanda ya taɓa. Tun ƙarshen ƙarni na 19 manyan ƙungiyoyi suka haɗa baki ba sa ɗaukar baƙar fata, duk da cewa babu rubutacciyar doka. Baƙaƙe na da nasu gasanni, cike da gwanaye.

Rickey ya sha ba da labarin wani ɗalibinsa baƙar fata, Charles Thomas, da wani otal a South Bend ya hana shi ɗaki lokacin da yake koci a Ohio Wesleyan, abin da ya daɗe yana damunsa. Bai kuma ɓoye cewa akwai lissafin kasuwa a ciki ba, domin ƙungiyar da ta fara buɗe ƙofa ita za ta kwashi na gaba-gaba.

Ya tura masu farauto 'yan wasa suna duba gasannin baƙaƙe, da sunan wai zai kafa wata ƙungiyar baƙaƙe a Brooklyn. Wanda ya zaɓa shi ne Jackie Robinson na Kansas City Monarchs, mai shekara 26.

Mutane da yawa ba su ɗauki Robinson a matsayin wanda ya fi kowa iyawa ba, ga su Josh Gibson da Satchel Paige. Amma Rickey na neman wanda zai iya ɗaukar nauyin zama na farko. Robinson ya yi jami'ar UCLA inda ya yi fice a wasanni huɗu tare da fararen fata. Ya zama hafsan soja, kuma a 1944 an gurfanar da shi a kotun soja bayan ya ƙi komawa kujerar baya a motar bas, aka wanke shi.

Ranar 28 ga Agustan 1945 suka zauna a ofishin Rickey na kusan awa uku. Rickey ya riƙa kwaikwayon irin zagi da wulaƙancin da Robinson zai haɗu da su a fili da otal da jirgin ƙasa, don ya ga yadda zai yi. Ya nemi alkawarin cewa a shekarun farko ba zai rama ba, domin faɗa ɗaya ya isa a ce gwajin ya gaza. Robinson ya amince.

Ko a nan bai yi gaggawa ba. Ya tura shi Montreal a Kanada, inda wariyar ba ta kai ta Amurka ba. Robinson ya fi kowa duka a gasar a 1946. Ranar 15 ga Afrilun 1947 ya fito wa Dodgers a filin Ebbets, ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa a shekarar, sannan gwarzon rukunin National a 1949. Roy Campanella da Don Newcombe suka biyo baya.

Sai dai Rickey bai biya Monarchs ko sisi ba a kan Robinson, haka ma Newark Eagles a kan Newcombe, yana mai cewa gasannin baƙaƙe ba su da tsayayyen kwantiragi. Effa Manley, mai ƙungiyar Eagles, ta yi ta ƙorafi a kai. Cikin 'yan shekaru taurari da 'yan kallo suka watse daga waɗannan gasanni, suka durƙushe.

A Brooklyn ne kuma ya ɗauki Allan Roth aiki a 1947 don ya riƙa tattara alƙaluman kowane jifa da kowane duka, abin da ba a saba gani ba a lokacin. A 1948 ya mayar da wani tsohon sansanin sojin ruwa a Vero Beach da ke Florida makarantar horo, inda ɗaruruwan yaran ƙungiyar ke atisaye wuri ɗaya.

Dodgers ta zama zakaran rukuni a 1947 da 1949. A 1950 rikicin hannun jari da Walter O'Malley ya sa ya sayar da kasonsa a kan dala miliyan ɗaya da 'yan kai, ya tafi. Ƙungiyar ta ɗauki World Series ɗinta na farko a 1955 da su Robinson da Campanella da Newcombe, shekara biyar bayan tafiyarsa.

Shekaru biyar na wahala a Pittsburgh

Yana dab da cika shekara 69 ya karɓi Pittsburgh Pirates, wadda ta ƙare a ƙarshen teburi a 1950. Ya yi alkawarin gyara ta cikin shekara biyar.

Wannan karon abin ya ƙi. Kowace ƙungiya ta riga ta mallaki gona, farashin matasa ya tashi. Ya kashe kuɗi masu yawa a kan yaran da ba su kai ko'ina ba, yaƙin Koriya kuma ya kwashe wasu zuwa soja. Ya kuma karya ƙa'idarsa ta haƙuri, ya riƙa jefa yara babbar gasa tun ba su nuna ba.

Ron Necciai misali ne. A watan Mayun 1952, yana ɗan shekara 19, ya fitar da masu duka 27 a wasa ɗaya a ƙaramar gasa, labari ya cika ƙasa. Kafin kakar ta ƙare an kai shi babbar ƙungiya. Ya ci wasa ɗaya ya faɗi shida, rashin lafiya da ciwon kafaɗa suka biyo baya, bai sake buga babbar gasa ba.

A wannan kaka ta 1952 Pirates ta ci wasa 42 ta sha kashi a 112. Rickey ya rage albashin tauraronta Ralph Kiner, da hujjar cewa ko babu shi ƙungiyar za ta iya zama ta ƙarshe, sannan ya sayar da shi ga Chicago Cubs a 1953. Jaridu da magoya baya suka yi masa ca.

Amma zama a ƙasa na da amfani ɗaya. A ƙarshen kowace shekara akan yi zaman zaɓen 'yan wasan da manyan ƙungiyoyi suka bari a ƙananan gasanni ba tare da kariya ba, kuma masu rauni ke fara zaɓe.

A farkon 1954 Dodgers ta ɗauki wani matashi ɗan Puerto Rico, Roberto Clemente, da ladan sa hannu na dala 10,000. Dokar lokacin ta ce duk wanda aka ba fiye da dala 4,000 dole a ajiye shi a babbar ƙungiya, in ba haka ba wata na iya ɗauke shi a zaman zaɓe. Dodgers ta yi kasada ta tura shi Montreal, inda bai samu buga wasa sosai ba.

Clyde Sukeforth, mutumin da ya kawo Robinson ofishin Rickey shekara tara kafin nan, yanzu yana Pittsburgh. Ya je duba wani ɗan wasa daban, sai ya ga jifan Clemente a wajen atisaye. Ranar 22 ga Nuwamban 1954 Pirates, da ke da zaɓin farko, ta ɗauke shi a kan dala 4,000.

Rickey ya je Puerto Rico ya kalle shi da kansa a farkon 1955. Rahoton da ya rubuta ya yaba hannunsa, ya lissafa kurakuransa, ya kuma nuna cewa yaron na buƙatar lokaci. Haka aka yi, domin sai a 1960 Clemente ya fara haskawa sosai. Ya kai duka 3,000 cif kafin ya rasu a hatsarin jirgin sama ranar 31 ga Disamban 1972, yana kai kayan agaji ga waɗanda girgizar ƙasa ta shafa a Nicaragua.

Rickey bai ga wannan daga kujerarsa ba. Pirates ta zama ta ƙarshe shekara huɗu a jere, daga 1952 zuwa 1955, ya sauka Joe L. Brown ya gaje shi. A 1960 ƙungiyar ta doke Yankees a World Series. Clemente da Dick Groat da Elroy Face da Bill Mazeroski, wanda dukansa ya rufe wasan ƙarshe, duk a zamanin Rickey suka shigo.

Abin da ya rage ga masu reno a gida

A garuruwa irin su Tambuwal da Kebbe babu filin besbol, amma aikin da Rickey ya yi ana yin irinsa. Idan kaka ta yi aka buɗe fagen kokawa, dattawan da suka taɓa kamawa kan zauna gefe suna lura da yara, su gane mai ƙafa da mai zuciya tun kafin ya kayar da kowa. Kocin ƙungiyar ƙwallon unguwa ma haka yake yi da yamma a filin makarantar firamare.

Rayuwar Rickey ta nuna cewa ganin yaro rabin aiki ne. A St. Louis da Brooklyn ya haɗa ido da matakai da lokaci, ya yi nasara. A Pittsburgh ya gaggauta, yara irin su Necciai suka ƙone. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba a ɗora masa jinka.

Akwai kuma batun haƙƙi. Abin da ya faru da Monarchs da Eagles na faruwa da ƙananan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa a Najeriya, inda koci zai rene yaro shekaru, wani ya zo ya ɗauke shi babu takarda babu sisi. Saboda irin haka ne hukumar FIFA ta tanadi diyyar horo ga ƙungiyoyin da suka rene ɗan wasa tun daga shekara 12, amma sai ƙungiyar da ke da rajista da shaidar cewa yaron ya zauna a hannunta ke iya nema.

Ƙarshen rayuwarsa

Bayan Pittsburgh, Rickey ya shugabanci yunƙurin kafa rukuni na uku mai suna Continental a 1959. Rukunin bai buga wasa ko ɗaya ba, amma barazanarsa ta tilasta wa tsofaffin rukunonin ƙara sababbin ƙungiyoyi. Ya koma Cardinals a matsayin mai ba da shawara daga 1962 zuwa 1964.

A lokacin gogayyar sayen matasa ta wuce hankali. A 1964 wata ƙungiya ta ba ɗalibin jami'a Rick Reichardt kimanin dala 200,000 don ya sa hannu. Sai masu ƙungiyoyi suka amince da sabon tsari. Daga watan Yunin 1965 za a riƙa zaɓen 'yan makarantun sakandare da jami'o'i bi da bi, ƙungiyoyin da suka fi rauni su fara. Kansas City Athletics ce ta yi zaɓin farko, ta ɗauki Rick Monday. Matsalar da Rickey ya yi fama da ita tun 1919, ta mai kuɗi ya kwashe komai, ita aka yi wa doka.

Wata biyar bayan nan, ranar 13 ga Nuwamban 1965, ya yanke jiki ya faɗi yana tsakiyar jawabi a wani bikin karrama shi a Columbia da ke jihar Missouri. Bai farfaɗo ba, ya rasu ranar 9 ga Disamba, saura kwana 11 ya cika shekara 84.

An sanya shi a zauren gwarazan besbol a 1967. A fim ɗin 42 da ya fito a 2013, Harrison Ford ne ya fito a matsayinsa. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka na ajiye da rahotanninsa kimanin 1,750 a kan 'yan wasa, kuma an ɗora su a intanet. A yau dukkan ƙungiyoyi 30 na babbar gasar suna da ƙananan ƙungiyoyin da suke renon matasa a ciki.